Binciken Da Aka Yi Da Jikin Dije

Warin ne ya fara tarbar Ramatu tun daga zaure. Ta tsaya da ƙullin daddawarta a hannu, ta ja numfashi, ta gane ba warin awaki ba ne. Warin mutum ne da aka bari kwance.

Daga Ruwan Godiya ta taso a bayan mashin don ta duba ƙanwarta Khadijatu, wadda kowa ke kira Dije, matar Malam Barau mai sayar da taki a Faskari. Hawan jini ne ya kayar da Dije bara, ya shanye mata ɓarin dama. Amma a zuwan Ramatu na ƙarshe, kafin ruwa ya sauka, da idonta ta ga Dije tsaye a tsakar gida, dafe da gora biyu da aka kafa mata, tana jan ƙafa tana dariya. Ɗanta na fari, Abdulganiyu, yana biye da ita da waya yana ɗaukar hoto. Karatun motsa jiki yake yi a jami'a, yana shekarar ƙarshe. Ramatu ba ta taɓa ganin amfanin karatun ba, don a ganinta guje-guje da tsalle-tsalle ko ɗan akuya ya iya. Amma ranar sai da ta sa mashi albarka har muryarta ta dishe.

Yau ga gorar nan an shanya tsummoki a kai, an ɗaure tunkiya a gindin ɗaya.

Ta ishe Dije kwance a ɗaki, hannun daman ya lanƙwashe ya manne da ƙirji.

"Dije! Mi ya same ki? Faɗuwa kika yi?"

"Lafiya lau, Yaya," in ji Dije, da harshenta mai nauyi. "Sannu da hanya."

Ummu Salma, ɗiyar Dije da ke aure a Sabuwa, wadda ta baro ɗakinta ta zo jinya, ita ta ja Ramatu zuwa bakin murhu.

"Inna, Yaya Abdul ne ya ce a daina."

"A daina mi?"

"Motsa ta. Wai binciken da zai kai makaranta kashi biyu ne. Na farko a ga yadda mai shanyewar jiki ke samun sauƙi in ana motsa shi, ya gama wannan. Na biyu kuma a ga yadda jikin ke komawa in an bari. Ya ce kada a tsayar da ita, kada a miƙe mata hannu, ko yatsa kada a murza mata sai ya gama awo. In an taɓa, wai awon ya ɓaci."

Ramatu ta sa ta sake faɗi, don ta ɗauka kunnenta ne. Ummu Salma ta sake.

"Ita uwar taku mi ta ce?"

"Inna, ai kin san Iya da Yaya Abdul."

Ta sani kuwa. Tun ranar da Dije ta haifi yaron nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo ta kau da kai. In za ta aike shi sai ta faɗa wa ƙanwarsa ta faɗa mashi. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma duk danginsu ba wanda ya riƙe ta kamar Dije. Ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta kai ƙararsa wurin kowa. Shi kuma ya san haka sarai. Da ya tashi neman jikin da zai yi bincikensa, ya duba garin Faskari kaf, bai ga wanda ba zai taɓa ce mashi "don mi" ba sai uwar da ta haife shi.

Ramatu ta tari Malam Barau a zaure yana cire takalmi.

"Malam, da saninka ake wannan aikin a gidanka?"

"Yaya Ramatu, abin ilmi ne. Ni da ke ba mu yi boko ba. Yaron nan saura kaɗan ya zama likita."

"Ba likita ba ne. Shi da bakinshi ya ce mani ba likita ba ne."

"To ai duk hanyar asibiti ce. Kuma ɗan lokaci ne, ya ce yana gamawa zai tashe ta. Ita mai jikin ta yi ƙorafi? Shiga ki tambaye ta."

Ramatu ba ta koma gida ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Dije ta zauna jiran Asabar, ranar awo.

Abdulganiyu ya zo cikin wandon 'yan ƙwallo da farin takalmi, yana ƙamshin turare. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, don wurin gaisuwa ba a fi shi ba. Sannan ya buɗe jaka ya fiddo wani ma'aunin roba mai kama da almakashi, ya ɗora a gwiwar hannun uwarsa, ya ja hannun har inda ya tsaya. Dije ta ciji leɓe, fuskarta na kallon bango. Ya sa mata wani abu a tafin hannu ya ce wa Ummu Salma, "Ce mata ta matsa." Dije ta matsa har jijiyar wuyanta ta fito. Ya duba lambar, ya ga ta ragu kan ta wancan makon.

"Yawwa," in ji shi.

Wannan "yawwa" ɗin ita ta tsaya wa Ramatu a rai.

"Kai Abdu, murna kake uwarka na lalacewa?"

"Haba Inna, ba haka ba ne. Abin da littafi ya faɗa ne ke fitowa daidai. Wannan binciken dubban mutane zai taimaka."

"Littafin ya riga ya faɗa?"

"Ya faɗa mana, Turawa sun gwada."

"To in an riga an sani, uban mi kake nema a jikin Dije?"

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ke magana da yaro. "Inna, ba za ki gane ba. Ba a taɓa yi da mutumin nan yankin ba. Kuma Iya ba ta hana ba."

Washegari, Malam na fita shago, Ramatu ta ce wa Ummu Salma, "Ke kin ga yadda yake yi da can. Kama hannun." Suka shafa man kaɗe, Ummu Salma na miƙewa tana lanƙwasawa a hankali, Ramatu na riƙe da kafaɗa. Dije na hawaye, amma ba ta ce a bari ba. Kullum haka, da hantsi, ƙofa a rufe. Kafin mako ya zagayo babban yatsa ya fara ɗagawa.

Shi ne abin da ya tona su. Abdulganiyu ya auna, ya sake aunawa, ya miƙe tsaye fuska a murtuke.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni ce," in ji Ramatu. "Sai ka auna ni."

Wurin ubansa ya nufa, ya ce an ɓata mashi aikin wata da watanni, dole ya ƙara lokaci, in ba haka ba faɗuwa zai yi, duk takin da aka sayar aka biya makaranta ya tafi a banza. Malam Barau ya shigo yana huci. Ya ce wa Ummu Salma mijinta ya yi haƙuri ya gaji, ta haɗa kayanta. Ya ce wa Ramatu yana ganin girmanta, amma gidan nan mai gida ɗaya gare shi.

Ramatu ta duƙa kan ƙanwarta. "Dije, ki buɗe baki ki ce ba ki so. Kalma ɗaya. Yanzun nan in goya ki mu tafi."

Dije ta ce, "Ki tafi, Yaya. Kada a ce ni na ɓata wa mutum karatu."

Mutum. Ko a nan ba ta iya faɗin sunansa ba.

Aka bar ta hannun wata maƙwabciya mai zuwa safe da yamma ta ba ta kunu ta zubar da fo. Ramatu ta ci gaba da zuwa duk ranar da hanya ta yi lafiya. Gaisuwa kawai aka yarje mata, Malam na tsaye bakin ƙofa yana tari.

Zuwa na farko, yatsun sun dunƙule, farce ya huda tafin hannu, wurin na ruwa. Malam ya ce saura ƙiris a gama awo.

Zuwa na biyu, an gama awon. Gwiwar ƙafa ta naɗe ta ƙi miƙewa. Ina mai tashin ta? Yana makaranta, ana buga mashi binciken a inji, ba dama ya motsa.

Da gero ya fara fidda kai, gyambo ya buɗe a ƙugun Dije inda take kwanciya. Yanzu kuma jarrabawa yake. Bayan jarrabawa aka ce hanyar Ƙanƙara ba lafiya, ba a son ya jefa ransa. Amma an gan shi a Faskari ranar da aka yi wasan ƙwallon gari, da usur a baki yana alƙalanci. Ya leƙo gida ya ci tuwo, ya tsaya daga bakin labule ya ce a gaishe da Iya, ya wuce.

"Mu kai ta asibiti, Malam," in ji Ramatu.

"Muna da masani a gida mu je mu ba shi kunya a asibiti? Ke dai ki yi mata addu'a. Ni fa ina ganin abin nan har da iska a ciki, na sa a yi mata rubutu."

"Iskar ai tana sa farin takalmi."

"Yaya Ramatu, ƙaddara ce. Bawa bai wuce ƙaddararsa."

Zuwan da ta yi bayan an yanke gero, ba ta ishe Dije a ɗakinta ba. An mai da ta ɗakin baya inda ake tara buhunan taki. Wai can ya fi samun iska. Ɗakin nata kuwa an yi mashi fenti, don baƙi za su zo. Sakamako ya fito, Abdulganiyu ya fi kowa a ajinsu, binciken nasa har an yaba. Malam Barau zai yi walima ranar Lahadi, kuma malamin da ya duba binciken, Dakta Almu, ya yi alkawarin biyowa a kan hanyarsa ta zuwa Ƙanƙara ganin gida.

Ramatu ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Allah ya kai mu," Malam har ya yi mamaki.

Daga nan Sabuwa ta nufa. Ta zauna gaban Gide, mijin Ummu Salma, ta zayyana mashi komai. Gide direban a-kori-kura ne, ba mai yawan magana ba. Ya ce, "Inna, ƙarfe nawa kike son motar?"

Ranar Lahadi an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun haya, janareta na ruri. Manyan gari sun cika gaba, ga liman, ga mai unguwa, ga Dakta Almu da gilashinsa. A kan tebur an ɗora ƙaton talabijin. Mata na ciki suna fama da tukwanen shinkafa, ba wadda ta kula da Ramatu da Ummu Salma suka wuce ɗakin taki.

Dije ta zama ƙashi da fata. Ƙudaje na bin zanen da aka rufa mata. Daga inda take kwance ana jin lasifika tar, ana jin muryar ɗanta yana bayani.

Ramatu ta durƙusa. "Dije, kina jin shi? Hotonki yake nuna wa mutane, kina tafiya. Ni ba zan ce ki zage shi ba, ba zan ce ki kira sunanshi ba. Ba sai kin ce uffan ba. Fitar da ke kawai nake son in yi, su ga na talabijin su ga na Allah. Amma in kin ce a'a, wallahi in juya in tafi, ba ki sake jin bakina."

Muryar lasifika ta shigo ta taga: "Wannan da kuke gani mahaifiyata ce. Da ilmin nan na tashe ta." Aka yi tafi.

Dije ta rufe ido. Hawaye ya gangara ya shige mata kunne. Ramatu har ta dafa ƙasa za ta miƙe.

"Yaya."

"Na'am."

"Ɗauko mani mayafina. Akwai maza."

Suka yafa mata. Suka kama tabarmar, ɗaya kai ɗaya ƙafa. Nauyinta bai kai na buhun dusa ba. Suka ratsa tsakar gida, mata suka saki ludaya suna salati. Suka ratsa zaure.

Daidai lokacin mai unguwa ke tambaya, "To ina ita Hajiyar, ko za ta leƙo mu yi mata barka?"

"Tana ciki tana fama da baƙi, ranka ya daɗe," in ji Abdulganiyu.

"Ga ta nan ta gama da baƙin," in ji Ramatu.

Suka aje tabarmar a gindin tebur, ƙarƙashin talabijin. A sama ga Dije tsaye, dafe da gora, tana dariya. A ƙasa ga Dije. Waɗanda ke kujerun gaba suka toshe hanci kafin su tuna ba daidai ba ne, suka sauke hannu.

Malam Barau ya taso. "Yaya Ramatu, mi ne ne haka? Cikin maza?"

"Zauna, Malam, kai ma zan zo kanka." Ta juya ga jama'a, ba ta nemi lasifika ba. "Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Amma ina da ido. Waccan ta sama, gaskiya ne, shi ya tashe ta. Wannan ta ƙasa ma shi ya kwantar da ita. Da gangan. Ya ce kada a taɓa ta, yana son ya ga yadda mutum ke lalacewa. Ɗiyarta ta miƙe mata hannu, aka kore ta. Ni na yi magana, aka kore ni. In ya auna ya ga ta ƙara mutuwa sai ya ce yawwa. Da kunnena na ji. Ku da kuka ci shinkafa, ku taso ku duba abin da kuke wa walima."

Ta ɗage gefen mayafin, hannun ya bayyana a dunƙule kamar busasshiyar kuɓewa.

"Inna ba ta gane tsarin bincike ba ne," in ji Abdulganiyu. Ya manta lasifikar na bakinsa, duk unguwa ta ji.

Dakta Almu ya cire gilashi ya taso. Ya tsuguna gaban tabarmar ya ce, "Baba, ki yarda in taɓa hannun?" Dije ta gyaɗa kai. Ya gwada buɗe yatsun a hankali, ya bari. Ya duba gwiwa. Ya daɗe tsugune kafin ya ɗago.

"Abdulganiyu, a binciken da ka kawo mani ka rubuta cewa mara lafiyar ce ta gaji ta daina don kanta, kai kuma ka bi ta da awo. Ba ka ce kai ka hana ba. Ba ka ma ce mahaifiyarka ce ba."

"Au!" in ji Ramatu. "Har ƙarya ka yi mata? Ka kwantar da ita kuma ka ce ragwanci ne?"

"Ba a koyar da wannan a wurinmu," in ji Dakta Almu, yana kallon jama'a. "Ba a hana mara lafiya abin da ke yi mashi magani don a ga mi zai faru. Takardar shaida ba ta fito ba tukuna. Maganar nan za ta je gaban kwamiti."

Gide ya matso da mota har bakin rumfa. Mai unguwa da kansa ya kama gefen tabarmar. Malam Barau na tsaye riƙe da faranti, ba wanda ya tambaye shi izini.

A babban asibiti, masu gashin ƙashi suka ce hannun ya riga ya tafi, sai dai a hana shi ruɓewa. Ƙafar kuwa, in an dage, wataƙila. Da gyambon ya fara kamewa Ramatu ta wuce da ita Ruwan Godiya, Gide ya bar Ummu Salma ta bi su.

Can Abdulganiyu ya same su wata ranar kasuwa, ba turare, ba farin takalmi. Ya zube gaban Ramatu. Kwamiti na son jin ta bakin mara lafiya ta waya. In Iya ta ce ita ta daina don kanta, shi ke nan ya tsira.

Ummu Salma ta ɗauka Inna za ta kore shi da muciya. Sai ta ji ta ce, "Shiga mana. Ai uwarka ce."

Ya durƙusa bakin gado, ya kira lambar kwamitin, ya buɗe muryar wayar. Wani dattijo ya yi sallama daga can, ya gabatar da kansa, ya ce, "Baba, tambaya ɗaya ce. Ke kika ce a daina motsa ki, ko ɗanki ne ya hana?"

Dije ta juya fuskarta bango.

"Iya, ki yi magana. Iya, don Allah. Karatuna ne gaba ɗaya. Ki ce ke ce, shi ke nan."

Shiru. Sai kukan kaza a waje.

"Baba, kina ji na?" in ji dattijon.

Ramatu ta miƙa hannu ta zare wayar daga hannun yaron. "Malam, ka yi haƙuri. A wurinmu uwa ba ta magana kan ɗan fari, ko alheri ko sharri. Amma ni ba ni na haife shi ba. Tambaye ni."

Ya tambaye ta. Ta ba shi tun daga gora har ɗakin taki, ba ta rage ko ƙuda ɗaya ba.

An soke binciken, an janye sakamakon. Abokan karatunsa sun tafi bautar ƙasa, shi yana shagon ubansa yana auna taki a tiya. Masu cewa Ramatu ta yi tsanani suna nan, har cikin dangi. Wai ɗa ne, wai da an rufa asiri, wai ta kashe wa yaro gaba. Duk wanda ya kawo mata wannan maganar ba ta musu da shi. Hannunsa take kamawa ta kai shi ɗaki, ta ce ya buɗe yatsun Dije ya sa mata cokali. In ya iya, ta yafe.

Ƙafar ta fara amsawa. Dije na iya zama bakin gado yanzu, tana cin tuwo da hagu kamar ƙaramar yarinya, tana neman gafarar Allah duk loma.

Malam Barau ya aiko sau biyu a mayar mashi da matarsa, wai gida ya yi mashi faɗi. Ramatu ta ce wa ɗan aiken ba ta riƙe matar kowa. Sai dai ya zo da ƙafarsa, da liman da mai unguwa, ya tsaya gaban Dije, ya faɗi abin da aka yi mata da sunansa na gaskiya. In ya ce ƙaddara, ya koma. In ya ce iska, ya koma.

Har yau bai zo ba. Ramatu ta ce ba ta gaggawa, ta saya wa Dije sabuwar katifa, kuma gero ya yi kyau bana.